Ƙaramin jirgin sama mai batir: yadda mai koyo zai zaɓi na farko

A Sabon Maci, cikin gundumar Dakoro ta jahar Maraɗi, kamar a sauran garuruwan karkara, yara sun daɗe suna ƙera mota da jirgi da karan gero, da waya, da gwangwani. Wannan hikima abar tattali ce. A yau akwai ƙananan jirage masu tashi da gaske, waɗanda batir ke juya injinsu, mutum kuma yana tsaye ƙasa yana sarrafa su da akwatin rediyo. Ana kawo su daga ƙasashen waje, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Uba ko mushen lakwal da ya zaɓa da gaggawa, yana iya ganin dukiyarsa ta tarwatse a ranar farko.

Wasan da ke zama sana'a

Kada a ɗauki abin a matsayin wasan banza. Aziz Kunce, ɗan Nijar, daga sha'awar irin waɗannan ƙananan jirage ya faro, har ya kafa kamfanin Drone Africa Service a Yamai. A shekarar 2016, Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira ta yi amfani da jirgin da ya ƙera wajen ɗaukar hotunan sansanoni a jahar Difa. Yaron da ya fahimci sirrin fiffike da farfela, ya riga ya shiga ƙofar ilimin kimiyya.

Siffar jirgin mai koyo

Abu na farko shi ne mazaunin fiffike. A zaɓi jirgin da fiffikensa ke bisa gangar jiki, bakunansa biyu kuma sun ɗan ɗaga sama. Irin wannan, idan iska ta karkata shi, da kansa yake komawa daidai, kuma tafiyarsa a hankali take. Jirgi mai kama da na yaƙi yana da ban sha'awa, amma saurinsa ya fi ƙarfin hannun sabon shiga.

Na biyu, abin da aka ƙera shi da shi. Na soso mai tauri ya fi na katako, domin ba shi da nauyi, in ya karye kuma ana liƙe shi da gam. Faɗin fiffike ya kama daga mita 1 zuwa mita 1,5. Wanda bai kai haka ba, iska na wasa da shi, kuma yana saurin ɓacewa ido.

Na uku, wurin farfela. Ƙasar Dakoro rairayi ce, ƙananan ƙafafu kuwa nutsewa suke yi. Saboda haka ya fi kyau a sami jirgin da ake jefawa da hannu, ya sauka bisa cikinsa, wanda injinsa ke bayan fiffike. Ta haka farfela ba ta dukan ƙasa, rairayi kuma ba ya cika injin.

Rediyo da batir

Akwatin da ke sarrafa abu 3 ya isa mai koyo: ƙarfin inji, hawa da sauka, da juyawa dama ko hagu. Akwatunan zamani suna aiki bisa zangon 2,4 GHz, shi ya sa jirage biyu ke tashi tare ba tare da sun rikita juna ba. Wasu jiragen suna da na'urar da ke daidaita su idan hannu ya kuskure. Wannan taimako ne babba.

Batirin lithium ne, mai bolt 7,4 ko 11,1, kuma yakan riƙe jirgi minti 10 zuwa 15. A sayi biyu, tare da farfelu na canji, da abin caji mai karɓar bolt 12, don a iya cika shi da batirin mota ko na hasken rana. A nan ne hatsari yake. Batirin da ya kumbura, ko ya huje, ko aka bari cikin ranar bazara, yana iya kamawa da wuta. A yi cajinsa a inuwa, bisa ƙasa, nesa da rumbu da ɗakin kara, mutum kuma yana kusa.

Ranar tashi

Bayan kaka, fili ya samu. A fita da sassafe kafin iskar hunturu ta taso, a nisanci gawo, da garke, da kasuwa, a jefa jirgi yana fuskantar iska. Kafin wannan duka, a sanar da magajin gari da jandarmomi, domin sararin samaniya yana da doka, Hukumar ANAC ce ke kula da ita, kuma saboda sha'anin tsaro abin da ke tashi ba tare da izini ba yana iya jawo wa mai shi tuhuma.

Inda kuɗi suka fi ƙarfin gida ɗaya, lakwal ko ƙungiyar matasa tana iya haɗa hannu ta sayi jirgi guda, yara su riƙa karɓa bi da bi a gaban malaminsu. Sannu ba ta hana zuwa.