Shiga Jirgin Ruwa da Jariri: Abin da Iyaye da Ikkilisiya Ya Kamata Su Sani

Yawancin 'yan'uwanmu da ke zaune a bakin kogin Binuwai da kogin Neja, da kewayen tafkin Kainji da na Shiroro, kwalekwale ne motarsu. Da shi ake zuwa kasuwa da gona da asibiti, da shi ake zuwa bikin aure da taron zumuntar mata a ƙetaren ruwa. Saboda haka tambayar da wasu iyaye mata suke yi tana da muhimmanci: shin ya dace a shiga jirgin ruwa da jariri ɗan wata biyu ko uku? Amsa a taƙaice ita ce, in akwai yadda za a yi a ɗage tafiyar, a ɗage. In kuwa ta zama dole, akwai abubuwan da ya kamata a kiyaye.

Me ya sa jariri ya bambanta da babba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Jariri shi ne mafi rauni a cikinsu. Kansa yana da girma da nauyi in aka kwatanta da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba sai ya kai wajen wata 4 zuwa 6. In ya faɗa ruwa ba zai iya ɗaga fuskarsa sama ba, ba zai iya kama komai ba, kuma ba za a ji kukansa ba. Ban da haka, jikinsa yana yin sanyi da sauri fiye da na babba, har jaririn da aka ciro da rai yana iya galabaita saboda jiƙa da iska kawai.

Rigar kariya ta manya ba ta yi masa amfani, domin zai zame ta ƙasa ya fita daga cikinta. Akwai wadda ake yi musamman don jarirai, mai matashi a bayan wuya, da maɗauri da ke bi ta tsakanin ƙafafu, da mariƙi a sama wanda za a ɗaga yaro da shi. Ko a Amurka, inda irin wannan riga take a wadace, shawarar masu tsaron gaɓar teku ita ce kada a shiga ƙaramin jirgi da jariri sai nauyinsa ya kai wajen kilo 8, ya kuma iya sa rigar da ta yi masa daidai. A tashoshin jiragen ruwanmu kuwa, ta manya ma ba kullum ake samu ba.

Haɗarin goyo a kan ruwa

Goyo al'adarmu ce mai kyau, a tudu babu inda jariri ya fi samun natsuwa kamar bayan uwarsa. Amma a kan ruwa lamarin yana juyewa. In jirgi ya kife, uwa za ta yi ƙoƙari ta ɗaga fuskarta sama don ta sha iska, wannan kuwa yana sa bayanta ya yi ƙasa, wato inda jaririn yake. Rigar kariya ma an yi ta ne don ta riƙe mutum fuskarsa a sama, bayansa a cikin ruwa. Uwar ba ta ganin fuskar ɗanta, zane da majanyi in sun jiƙe ba sa kwantuwa da sauri, wanda ya zo ceto kuma ba zai iya raba su nan da nan ba. Don haka a kwance goyo tun kafin a shiga jirgi. Uwa ta fara shiga ta zauna, ta sa rigar kariya ta ɗaure, sannan a miƙo mata yaron ta rungume shi a gaba. A wajen sauka ma haka, a fara karɓar yaron kafin ta miƙe.

Sai dai mu faɗi gaskiya, runguma a gaba sauƙi ce kawai, ba ta kawar da haɗarin. Jirgi yana iya kifewa cikin ƙiftawar ido, hannu kuma ya saki abin da yake riƙe da shi. Abin da ya sa muka fara da shawarar ɗage tafiya ke nan.

In tafiya ta zama dole

Wani lokaci yaro ba shi da lafiya, asibitin kuma yana ƙetare. Wani lokaci ambaliya ce ta tashi gari. A irin wannan hali, a yi tafiyar da rana. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Nijeriya, wato NIWA, mai hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Da dare matuƙi ba ya ganin kututture ko dutse, wanda ya faɗa ruwa kuma ba a ganinsa. Haɗarin da ya faru a kogin Neja a yankin Patigi na jihar Kwara a watan Yuni na 2023, inda mutum fiye da 100 suka mutu, ya sami mutanen da suke dawowa daga bikin aure ne cikin dare, a jirgin da ya cika maƙil.

A dubi lodin jirgin kafin a shiga. In an ɗora buhuna da babura da dabbobi har bakin jirgin ya kusa taɓa ruwa, a haƙura a jira wani, ko da an riga an biya kuɗin fito. In hadari ya haɗu ko iska ta taso, a zauna a tudu har ta wuce. A ƙara yin hattara a ƙarshen damina, lokacin da koguna suke cika, ruwa kuma yake gudu da ƙarfi.

A cikin jirgi, mai riƙe da jariri ta zauna a ƙasa wajen tsakiya, nesa da inji da jarkokin fetur, gama hayaƙin inji yana cutar da numfashin yaro. Kada ta riƙe wani kaya. In akwai wasu ƙananan yara, kowane yaro ya sami babba guda da zai lura da shi, kada a bar wa mace ɗaya yara uku. A nan maigida yana da aiki: ya raka iyalinsa, ko ya nemi wanda zai raka su. A yi wa jariri inuwa, a rufe kansa daga rana da iska, amma kada a rufe fuskarsa. In yana jin ƙishi a ba shi nono. Yaron da bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi, ruwan kogi kuwa yana iya sa masa gudawa.

In jariri ya faɗa ruwa

Da an ciro shi, a duba ko yana numfashi. Kada a riƙe shi ta ƙafa ana jijjigawa, kada a danna cikinsa wai don ruwa ya fita, wannan ɓata lokaci ne kuma yana iya jawo amai ya shaƙe shi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a rufe bakinsa da hancinsa da bakinka, a hura iska kaɗan-kaɗan sau 5 har a ga ƙirjinsa yana ɗagawa. Sannan a danna tsakiyar ƙirjin da yatsu biyu sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa har ya farfaɗo ko taimako ya zo. In yana numfashi, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a manna shi da ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su. Ko ya warware kamar babu abin da ya faru, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya kawo wahalar numfashi bayan sa'o'i.

Wannan rashin bangaskiya ne?

Wasu sukan ce, ai Allah ne mai tsaro, in kwana bai ƙare ba babu abin da zai faru. Hakika Allah ne mai tsaro. Amma mu tuna da Matiyu sura 4, inda Shaiɗan ya so Yesu ya diro daga ƙwanƙolin Haikali, Ubangijinmu kuwa ya ƙi, domin yin haka jarraba Allah ne. A Ayyukan Manzanni sura 27, Manzo Bulus ya gargaɗi masu jirgi kada su tashi a lokacin da tafiyar teku ta zama mai haɗari. Jarumin sojan ya fi yarda da maganar matuƙi da mai jirgi, ƙarshenta jirgin ya farfashe, ko da yake Allah cikin jinƙansa ya tsirar da dukan mutum 276 da ke ciki. Bulus mutumin bangaskiya ne, shi ne kuwa ya ce a dakata.

Mahaifiyar Musa ma, a Fitowa sura 2, ba ta kai ɗanta bakin kogi ba sai da ɓoyonsa ya gagara bayan wata uku. Ko a lokacin, ta shafe kwandon don kada ruwa ya shiga, ta ajiye shi cikin ciyayi a gefen kogi, 'yar'uwarsa kuma tana tsaye tana lura. Ta dogara ga Allah, ta kuma yi iyakar abin da hannunta zai iya.

Aikin ikkilisiya

Fastoci da dattawa da shugabannin zumunta su sauke wa mata masu jego nauyin halartar taron da sai an ƙetare ruwa, kada mace ta ji kamar ta yi laifi don ta zauna a gida da jaririnta. A riƙa tashi daga taro da wuri domin baƙi su ƙetare kafin rana ta faɗi, waɗanda dare ya yi musu kuma a ba su masauki. Ikkilisiyar da ke bakin ruwa tana iya sayen rigunan kariya, har da na yara, ta ajiye don aro, ta kuma gayyaci ma'aikacin lafiya ya koya wa jama'a yadda ake farfaɗo da wanda ya nutse.

'Ya'ya amana ce daga wurin Ubangiji, kamar yadda Zabura 127 ta koya mana. Allah ya ba mu hikimar riƙon wannan amana, ya kiyaye fitarmu da shigarmu a tudu da kan ruwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.