Maƙeri da takobin gado

A Guri, abin da ke ciyar da maƙeri shi ne laujen yankan shinkafa da fartanya da ƙugiyar masunta. Amma jefi-jefi, galibi in salla ta ƙarato, sai wani ya shigo rumfa da abu naɗe a tsumma: takobi ko wuƙar damtse ta kakan kakansa. A ƙasar Haɗeja irin waɗannan ba sa rasa labari. Wani ya ce da ita aka bi Sarki Buhari yaƙi, wani ya ce ta ga ranar da Turawa suka afka wa Haɗeja a 1906, har Sarki Muhammadu ya yi shahada. Akwai kuma addar soja da waɗanda suka je yaƙin Bama suka komo da ita. Maƙeri dai ba ya musu, ƙarfen yake dubawa.

Wahalar farko zarewa ce. Ƙasar fadama ce, damina na zuwa da ambaliya, fatar kube kuwa tana shan danshi ta riƙe. In aka shekara goma ba a zare ba, tsatsa kan manne ruwan takobin da kubensa. Gwani ba ya fizga. Mai yake ɗigawa ta bakin kuben, ya jingine shi ya kwana, gobe ya ɗan girgiza, ya ƙara ɗigawa.

In ya fito, sai zama. Jar tsatsa mai ci ce, dole ta tafi: toka mai laushi, tsumma da mai, ana gogawa daga gindi zuwa tsini. Baƙin da ke ƙarƙashinta kuwa barinsa ake yi, don shi ke kare ƙarfen. A nan ne sau da yawa tambarin maƙeran farko kan bayyana kusa da ƙota, wata biyu masu fuska suna duban juna, ko kwarmin da aka ja a tsakiyar ruwan. Tagullar ƙota da tsamiya ake wanke ta, a ɗauraye nan take. Kuben da ya ruɓe aikin baduku ne, tsohon kuma a mayar wa mai shi ya adana.

Wuta fa? Zuga-zugi na nan kusa, amma takobin gado ba ya shiga. In ya yi ja, taurin da aka ba shi tun asali ya tafi ke nan. Masu gaggawa kan ce, "Malam, a sa masa inji ya yi ƙyalli mana." Injin washi cikin minti kaɗan zai cinye tsatsar, ya haɗa da tambarin da kwarmin, a miƙo maka abin da ba shi da maraba da wuƙar mahauta. A ganina wanda ya yi haka ɓarna ya yi, ko da an biya shi ana godiya.

Mai irin wannan gado a ɗaka, ka ɗauke shi daga ƙasa ka rataye. Kafin ruwa ya sauka da bayan ya ɗauke, zare shi ka shafa masa mai. Ka kuma zaunar da dattijon gidanku ya faɗa maka sunan mai shi, ka rubuta.