Daga makiyaya tumaki zuwa fadar Ingila: yadda aka bankaɗo asalin gidan su Gimbiya Diana

A wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar tafkin gidan Althorp, a yankin Northamptonshire na Ingila, aka binne Gimbiya Diana a 1997. Danginta, zuri'ar Spencer, sun haura shekara 500 riƙe da wannan gida. Amma wane ne kakansu na farko? Amsa biyu ce ke akwai, ɗaya kuwa ƙirƙirarriya ce.

Takardun cinikin filaye sun nuna cewa John Spencer, wanda ya sayi Althorp a 1508, da kiwon tumaki da sayar da ulu ya tara dukiyarsa. A lokacin, kuɗi kaɗai ba ya ba mutum daraja. Sai ya samu tambarin gida daga masu kula da nasaba na sarki, waɗanda daga 1530 zuwa 1688 suka riƙa zagaya yankuna suna tantance masu da'awar asali.

A 1595 ɗaya daga cikinsu, Richard Lee, ya rubuta wa gidan wata salsala da ta haɗa su da Despenser, tsohon gidan manyan fadawa na zamanin Sarki Edward na Biyu. Daga nan aka sauya tambarin gidan, ya ɗauko kamannin na Despenser.

Labarin ya daɗe yana yawo, har zuwa 1901, lokacin da masanin tarihi J. Horace Round ya bi diddiginsa. Bai tsaya ga abin da dangi ke faɗa ba. Ya gwada salsalar da tsofaffin takardun da aka rubuta tun mutanen na raye, ya nuna cewa babu hujjar da ke ɗaure gidajen biyu. Har yau haka masu binciken nasaba ke aiki: wasiyya, takardun fili, da rajistar haihuwa da aure da mutuwa da aka wajabta wa majami'u ajiyewa tun 1538.

Mutanen zamanin ma ba su manta ba. An ruwaito cewa a 1621, cikin majalisar dattawa, basaraken Arundel ya yi wa Robert Spencer gorin cewa kakanninsa kiwon tumaki suke yi. Spencer ya mayar masa cewa sa'ad da nasa kakannin ke kiwo, na Arundel cin amanar ƙasa suke ƙullawa.

Yau jinin makiyayan nan na jikin Yarima William, ɗan Diana, mai jiran gadon sarautar Birtaniya.