Tantance Ingancin Fassarar Ma'aunin LARS na Matsalar Bayan Gida Bayan Tiyatar Dajin Dubura

1.0 Gabatarwa

Idan aka yi wa majinyaci tiyatar dajin ƙarshen hanji, aka cire ɓangaren da cutar ta kama, aka haɗa sauran hanjin da dubura, yakan tsira daga rataya jakar bayan gida a ciki. Sai dai da yawa daga cikin irin waɗannan majinyata kan shiga wata sabuwar wahala, wato kasa riƙe iska ko zawo, da yawan zagayawa, da matsuwar gaggawa. Likitoci na kiran wannan yanayi LARS a taƙaice. Tun da majinyaci ne kaɗai ya san abin da ke damunsa, da takardar tambayoyi ake auna tsananin matsalar. Wannan maƙala ta duba yadda ake fassara takardar da yadda ake tabbatar da ingancin fassarar.

2.0 Tsarin Ma'aunin

Emmertsen da Laurberg na birnin Aarhus a ƙasar Danmak ne suka fitar da ma'aunin a shekarar 2012. Tambayoyi biyar ya ƙunsa: kuɓucewar iska, kuɓucewar bayan gida mai ruwa, yawan zagayawa a yini, sake komawa kafin awa ɗaya ta cika, da matsuwar da ke sa mutum rugawa ban-ɗaki. Jimillar maki daga 0 ne zuwa 42. Maki 0 zuwa 20 na nufin babu matsalar, 21 zuwa 29 matsala ce mai sauƙi, 30 zuwa 42 kuwa mai tsanani. Nauyin tambayoyin ya bambanta: ta matsuwa na ɗauke da maki har 16, ta bayan gida mai ruwa kuwa ba ta wuce 3 ba. Saboda haka kuskuren fassara a tambayar matsuwa kaɗai na iya ɗauke majinyaci daga wannan rukuni ya jefa shi wani, a hana shi kulawar da ya cancanta.

3.0 Matakan Tantancewa

Mataki na farko shi ne mafassara biyu su fassara takardar, kowa shi kaɗai, sannan a daidaita aikinsu. Daga nan wani mafassarin da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da fassarar cikin harshen farko, domin a gano inda ma'ana ta zame. Sai a jarraba ta a kan majinyata kaɗan, a nemi kowannensu ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa.

Mataki na biyu na ƙididdiga ne, kuma abubuwa uku ake dubawa. Na farko, ko makin ya dace da yadda majinyaci ke bayyana tasirin matsalar a rayuwarsa. Na biyu, ko ma'aunin na iya bambance rukunan da aka san sun bambanta, misali waɗanda aka ƙona musu ƙwayoyin cutar da haske, domin su ne suka fi shan wahala. Na uku, ko mutum zai ba da amsa iri ɗaya idan aka sake tambayarsa bayan ɗan lokaci alhali yanayinsa bai sauya ba. Ta wannan hanya Juul da abokan aikinta suka tantance ma'aunin a 2014 cikin harsunan Suwidin da Sifen da Jamus da Danmak.

4.0 Darasi ga Mai Fassara zuwa Hausa

Bahaushe na kewaye wannan batu da sakaya zance: zagayawa, kewayawa, bayan gida, ba-haya. "Fitar da iska" ya fi "tusa" ladabi, amma "iska" na da wasu ma'anoni da za su iya rikita mai amsawa. Haka kuma wani "zawo" ya saba ji, wani "gudawa". Kunya na iya sa dattijo ya rage yawan abin da ke samunsa, musamman idan bai iya karatun boko ba, har sai ɗansa ko surukarsa sun karanta masa, alhali an tsara takardar ne domin mutum ya cike da kansa. Ga kuma batun tsarki: Musulmin da alwalarsa ke yawan karyewa na iya ƙaurace wa sallar jam'i, don haka kuɓucewar iska na iya yi masa nauyi fiye da maki 7 da aka ware mata.

5.0 Kammalawa

Fassara mai daɗin karantawa ba ta wadatar ba sai an tabbatar tana auna abin da asalin ke aunawa. Aiki ne da ya kamata likitan tiyata da masanin ƙididdiga da masanin harshe su haɗu a kansa tun daga farko, domin da wannan maki ne za a yanke shawarar irin kulawar da majinyaci zai samu.