Tsawon Rai da Shekarun Lafiya a Fadamar Rima

Abin da masana ƙidayar jama'a ke kira hasashen tsawon rai shi ne matsakaicin shekarun da jariri zai yi a duniya idan yanayin mace-mace na lokacin haihuwarsa bai sauya ba, kuma ƙiyasin Bankin Duniya ya daɗe yana ajiye Nijeriya tsakanin shekara 50 da 55, alhali Japan ta haura 80. Ba wai dattawan Wurno ko Rabah a jihar Sakkwato ba sa kai 70 ba ne. Yawan rasuwar ƙananan yara ke janyo adadin ƙasa. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000, guda 187 kan rasu kafin cika shekara 5 a Arewa maso Yamma, a Kudu maso Yamma kuwa 62 ne. A nan, abin da ke sanya tazarar shekaru shi ne garin da aka binne cibiyar mutum, da nisansa daga likita.

Ma'auni na biyu, wanda ya fi dacewa da gabashin Sakkwato, shi ne shekarun lafiya, wato abin da ya rage na rayuwa bayan an cire lokacin jinya da nakasa. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan kogin Rima, ta bunƙasa noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa, sai dai ruwan da ke kwanciya a magudanu shi ke raya sauro da ƙananan dodon-koɗi masu yaɗa tsargiya, cutar da ke sa yaro fitsarin jini har wasu iyaye su ɗauka alamar balaga ce. Zazzaɓi kuma ya fi tsananta da damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tamowa ta raunana yara. Ba banza ba asibitin cutar noma, mai cin naman fuskar yaro, yake a birnin Sakkwato tun 1999.

Rashin tsaro ya ƙara tsawaita hanyar asibiti. Tun bayan harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah cikin Yulin 2018, wanda ya kora jama'a zuwa garin Gandi, da kisan kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, tafiyar dare ta zama kasada a ƙauyuka da dama, ta yadda mai doguwar naƙuda kan jira wayewar gari kafin a ɗora ta kan babur, jinkirin da kan ƙare da rasa jariri ko yoyon fitsari.