Ci-ranin tsinkar bulubari a Turai: lissafin da dillali ba ya faɗa

Tallan yana yawo a WhatsApp da TikTok, kuma ya iya ɗaukar hankali. Ga matasa cikin daji mai sanyi, ga bokitai cike da wasu 'ya'yan itace shuɗaye, sai wata murya tana cewa ana neman ma'aikata a Finlan ko Suwidin, ba a buƙatar takardar makaranta, wata uku kacal mutum ya dawo da kuɗin gina gida. Abin da ya rage kawai shi ne a tura kuɗin fom.

Aikin dai akwai shi, ba ƙage ba ne. Bulubari ƙaramin ɗan itace ne, launinsa kamar na nunanniyar ɗinya amma bai kai ta girma ba. Wanda ke dazukan Finlan da Suwidin ba shuka shi ake yi ba, da kansa yake fitowa a jikin wani ɗan tsiro da bai kai gwiwa ba, yana nuna daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Finlan daji ne, kuma al'adar ƙasashen biyu ta ba kowa damar shiga daji ya tsinka ko da filin na wani ne, muddin bai yi ɓarna ba, bai kuma matsa kusa da gidajen mutane ba. Suwidin ma ta ambaci wannan 'yanci a tsarin mulkinta tun 1994. Mafi yawan 'ya'yan a daji suke ruɓewa don babu mai ɗiba, shi ya sa kamfanoni suke ɗauko hannu daga waje.

Waɗanda suka san wannan aiki ciki da bai su ne manoman shinkafa na yankin Isan, a arewa maso gabashin Tailan. Sun daɗe suna zuwa Suwidin, sannan Finlan ta fara karɓarsu a 2005. Sukan dasa shinkafarsu, su hau jirgi, su dawo kafin girbi. Duk wanda ke sha'awar zuwa karon farko, labarinsu ya kamata ya fara nema, domin a cikinsa ne za a ga inda kuɗin ke zurarewa.

Tun daga gida bashi ke farawa. Kuɗin jirgi, kuɗin biza da ladan dillali, da yawansu rance suke ci, wasu su jinginar da gona. In an sauka kuma sai a tarar da wani lissafin yana jira. Akan zuba mutane a tsohuwar makaranta da aka daina amfani da ita, a riƙa cire kuɗin kwana. Motar da za ta kai su daji haya ce, man fetur nasu ne, abinci ma a kansu. Shekaru da dama a Finlan ba a ɗaukar mai tsinka a matsayin ma'aikaci. Da bizar baƙunci yake shigowa, ya tsinka, ya sayar wa kamfanin da ya gayyato shi a farashin da kamfanin ya yanka, wanda sau da yawa bai kai Yuro 2 a kilo ba. A ɗauki misali: in kilo yana Yuro ɗaya da rabi, wanda ya tara kilo 40 ya sami Yuro 60. Sai a cire kwana da mota da mai da abinci, sannan abin da ya rage ya tafi biyan bashin gida. Kilo 40 a rana kuwa ba kowa ke samu ba. Sabon shiga bai san inda 'ya'yan suka yi yawa ba, hannunsa bai saba da matsefin da ake sharɓe su da shi ba, kuma a wurin awo ana rage masa nauyin ganye da ruwa.

Ga kuma abin da babu mai iko a kai. In sanyi ya dawo ya daskarar da fure a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ko kuma fari ya kama, daji sai ya wayi gari fayau. Mai kamfani ya rage saye, shi ke nan. Mai tsinka kuwa bashinsa na nan bai ragu da ko sisi ba.

An sha ganin haka. A 2010, a garin Åsele na arewacin Suwidin, mai wani kamfani ya tsere da haƙƙin masu tsinka 'yan Tailan sama da ɗari, ya bar su ba ko kuɗin guzuri. A 2013 wasu mutum 50 sun ƙi barin Finlan suna neman a biya su. A 2022 Kotun Ƙolin Finlan ta ɗaure wani mai kamfani bisa laifin safarar mutane 26, kuma a wannan shekarar 'yan sanda suka buɗe bincike a kan manyan kamfanonin wannan harka. Abin da ake ta maimaitawa a gaban alƙalai iri ɗaya ne: an karɓe fasfo, an ɗora bashi, an yi aiki dare da rana, an tashi hannu rabbana.

Irin waɗannan matsaloli ne suka sa dokar ta canja, kuma nan ne dillalan bogi suke cin kasuwarsu, don mutane ba su sani ba. Finlan ta yi doka a 2021 da ta haramta karɓar kuɗin ɗaukar aiki daga hannun mai tsinka. A 2024 ta dakatar da karɓar takardun neman bizar baƙunci don wannan aiki a Tailan, daga 2025 kuma sai da kwantiragin aiki da izinin aikin lokaci. Suwidin ta riga ta, tun 2010 aka tanadi mafi ƙarancin albashin da dole a biya ko daji ya yi kyau ko bai yi ba. Saboda haka duk wanda ya ce wa matashi ya nemi bizar yawon buɗe ido, in ya isa can a gyara masa takardu, ya ɗora shi a kan hanyar da aka riga aka toshe. Bizar Shengen, wato bizar baƙuncin, ta kwana 90 ce cikin 180, kuɗinta Yuro 90 tun Yunin 2024. Wanda ya zarce wa'adi yana iya fuskantar kora da haramcin sake shiga ƙasashen yankin gaba ɗaya, ba ƙasa ɗaya kaɗai ba. Sannan kamfanonin bulubari na daji daga Tailan suke ɗauko mafi yawan mutanensu, ta hanyoyin da suka shekara suna bi. Wanda ya ce yana da gurbi ɗari ga 'yan Kano ko Maraɗi, tambayar farko gare shi ita ce sunan kamfanin da lambar rajistarsa.

Ko da takardu sun cika, jiki ma yana da nasa lissafin. Wuni ake yi a sunkuye. A arewacin ƙasashen nan rana ba ta ɓuya sosai a tsakiyar bazararsu, don haka aiki kan fara tun kafin mutum ya ƙoshi da barci, ya kai har lokacin da agogo kaɗai ke nuna dare ya yi. Musulmi zai buƙaci jadawalin salla na garin da yake, domin tazarar magariba da asuba kan zama 'yar kaɗan. Ƙasar fadama ce a wurare da yawa, sai da takalmin roba mai tsawo. Sauro kuwa ba a magana, duk da dai ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro.

Kaska ce abar tsoro. Ta can ƙarama ce ƙwarai, tana maƙale a ciyawa, musamman a kudu da bakin teku, kuma tana yaɗa cututtuka biyu. Ɗaya ita ce cutar Laim, wadda kan fara da jan zobe mai faɗaɗa a inda aka ciji mutum, ana kuma maganinta da ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta in an je asibiti da wuri. Ɗayar kumburin ƙwaƙwalwa ce, ba ta da magani na kai tsaye, sai allurar rigakafi kafin a shiga daji. Dogon wando a cusa cikin safa, a duba jiki kowane dare, in an ga kaska a cire ta da hantsaki a miƙe, ba a murɗawa, ba a ƙona ta. Akwai kuma wani tsiro mai ganye huɗu da ɗa guda baƙi a tsakiya, ya yi kama da bulubari amma guba ne. Ɓata a daji ma yana faruwa, domin itatuwan duk kamarsu ɗaya. Lambar gaggawa 112 ce a duk Tarayyar Turai, kuma kiranta kyauta ne.

Iyaye su ne sukan sayar da fili ko shanu don a tura yaro, don haka su ya kamata su fi tsananta bincike. Kwantiragi na gaskiya yana ɗauke da sunan kamfani da adireshinsa, da albashi a rubuce, da adadin abin da za a cire na kwana da mota. Fasfo ba ya barin hannun mai shi. Finlan da Suwidin duk suna da ofishin jakadanci a Abuja, kuma hukumomin shige da ficensu sun wallafa sharuɗɗan aikin lokaci a intanet, kowa na iya karantawa. A Nijeriya Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata lasisi, sai a nemi a ga na dillalin. Dillalin da ya ƙi nuna lasisi, ya ce a tura kuɗi asusun wani mutum a yau kafin gurbi ya cika, kada a ba shi ko kwabo. A kai rahotonsa ga hukumar NAPTIP a Nijeriya, ko hukumar yaƙi da safarar mutane ta Nijar da ke Yamai.