Toshewar Fitsari Ga Muzuru: Ciwon Da Ba Ya Jiran Gobe

Kaka ta yi, an kai hatsi rumbu, 'yan kasuwa sun cika sito da buhunan gero da masara da gyaɗa. A wannan lokaci ba ma'aikacin da ya kai muzuru amfani. Ba a biyansa lada, ba ya neman hutu, dare farai yana sintiri tsakanin rumbu da ɗakin ajiya. Ko akawu ya san darajarsa, don ɓera ba ya bambanta buhun dawa da littafin lissafi. To, akwai wata cuta da ta kan kashe ƙosasshen muzuru cikin kwana biyu ko uku, masu shi suna kallo suna cewa taurin ciki ne, gobe zai ware. Wannan cuta ita ce toshewar fitsari.

Yadda Ta Ke Nuna Kanta

Da fari sai a ga muzuru yana yawan zuwa wurin da ya saba tona ƙasa. Ya tsuguna, ya yi ta yunƙuri, ya tashi, jim kaɗan ya koma. In an duba wurin sai a tarar ɗigo biyu ko uku ne ya yi, wani lokaci da jini-jini, wani lokaci kuwa ƙasar a bushe ta ke. Ya kan yi kuka sa'ad da ya ke yunƙurin, ya kan yi ta lasar gabansa. Wanda bai taɓa ɓata ɗaki ba sai a ga ya tsuguna bisa tabarma ko bisa buhu. Mutanen gida su kan ɗauka iskanci ne, su kore shi da tsintsiya, alhali zafi ne ya ishe shi.

Tsugunon fitsari da tsugunon kashi sun yi kama, shi ya sa a ke cewa taurin ciki ne. Abin da zai raba gardama shi ne a shafa mararsa a hankali, tsakanin ƙafafun baya. In hanya ta toshe za a ji mafitsara ta cika ta yi tauri kamar lemo, shi kuwa zai yi ƙara ko ya kai cizo.

In aka kwana a haka sai ya bar cin abinci, ya fara amai, ya nemi lungu ya ɓuya. Daga nan jikinsa ya yi sanyi, ya kwanta ba ya iya tashi. Wanda ya kai wannan hali ajali ya matso.

Dalilin Da Ya Sa Ta Fi Kama Namiji

Kyanwa mace ita ma ta kan yi ciwon mafitsara, amma hanyar fitsarinta gajera ce, mai faɗi, da wuya ta toshe. Ta muzuru doguwa ce, tana tafe tana ƙara tsukewa, har wajen bakin gaba ta zama siririya ƙwarai. Ɗan abu kamar ƙwayar yashi ya isa ya tsaya a nan.

Abin da ke toshe ta iri uku ne. Na ɗaya, wani yauƙi da mafitsara ke fitarwa in ta kumbura, ya haɗu da ƙananan gishiri masu kama da yashi, su cure su zama toshi. Na biyu, tsakuwa sosai da ta taru cikin mafitsara ta gangaro. Na uku, naman hanyar ya ɗaure don zafi da kumburi, ko da ba kome ciki.

Yashin nan daga fitsarin kansa ya ke fitowa. Asalin kyanwa dabbar busasshiyar ƙasa ce, kakanninta na daji daga jikin abin da su ka kama su ke samun yawancin ruwansu. Saboda haka ba ta da yawan jin ƙishirwa, fitsarinta kuwa kauri gare shi. Jikin ɓera kamar kashi 70 cikin 100 ruwa ne. Busasshen abincin kyanwa na cikin leda da a ke sayarwa a birane, ruwansa bai fi kashi 10 cikin 100 ba. Busasshen kifi ma haka, ga kuma ƙaya mai yawan gishirin ƙashi. Muzurun da ya bar farauta ya koma kan irin wannan abinci, ba a kuwa ajiye masa ruwa, fitsarinsa sai ya ƙara kauri, gishirin ciki ya kwanta kamar yadda laka ke kwantawa gindin randa.

Likitoci sun lura kuma ciwon ya fi samun muzuru mai ƙiba, wanda ke kulle cikin ɗaki ba ya motsa jiki, da wanda hankalinsa ke tashe, kamar in an ƙaura da shi sabon gida, ko wani baƙon muzuru ya addabe shi da faɗa.

Abin Da Ke Kisa

Aikin ƙoda shi ne ta tace dattin jini ta zubar cikin fitsari. In mafitsara ta cika ba mafita, sai ƙoda ta tsaya da aiki, dattin ya koma cikin jini. Cikinsa akwai wani gishiri da a ke kira fotasiyam, wanda in ya yi yawa ya kan rage bugun zuciya har ya tsai da ita. Don haka ne ba a ce a bari sai ranar kasuwa. Muzurun da ya wuni yana yunƙuri ba fitsari, a ranar nan ya kamata likita ya gan shi.

Abubuwan Da Ba A Yi

Kada a matsa cikinsa wai don fitsari ya fito. Mafitsarar da ta cika haka tana iya fashewa.

Kada a ba shi farasitamol, watau Panadol da 'yan'uwansa. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi kamar ta mutum. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum ta isa ta kashe muzuru: dasashinsa ya yi duhu, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara.

Kada a ɗura masa ruwan kanwa. Yashin da ya fi toshe muzuru ya fi son fitsarin da ya rasa tsami, kanwa kuwa kashe tsami ta ke yi. Gyaran da a ka nufa sai ya zama ɓarna.

Kada kuma a ɓata lokaci da kafso na kashe ƙwayoyin cuta daga kantin magani. Ga muzurun da bai tsufa ba, da wuya ƙwayoyin cuta su zama su ne sanadi, ba kuwa kafson da ke buɗe hanyar da ta toshe.

Wurin Likita

A sa shi cikin kwando mai murfi ko kwali mai huji, a shimfiɗa tsumma, a kai shi asibitin dabbobi mafi kusa. Ba a ɗaure shi cikin buhu. In ma'aikacin da ke wurin ba shi da kayan aikin, shi zai nuna inda za a dosa. Akwai manyan asibitocin koyar da aikin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Likita zai yi masa allurar barci, ya zura wata siririyar roba ta gabansa, ya tura ruwa ya kau da toshin, ya zuƙe fitsarin, ya wanke mafitsara. Sa'an nan ya yi masa ƙarin ruwa ta jijiya don jini ya wanku. Sau da yawa a kan bar robar kwana ɗaya zuwa uku kafin a cire. Wanda a ka kawo da wuri galibi ya kan tashi. In tsakuwa ce babba sai an yi masa aiki an fid da ita. Wanda ciwon ke yawan komo masa, akwai aikin da a ke yi a yanke tsukakken wurin a buɗe masa hanya mai faɗi.

Bayan an komo gida a sa masa ido ƙwarai, don ciwon ya kan komo, musamman cikin makon farko.

Rigakafi Ya Fi Magani

Babban rigakafi ruwa ne. Muzuru mai nauyin kilo 4 yana bukatar kamar cikin kofin shayi guda kowace rana, in an haɗa da ruwan da ke cikin abincinsa. A ajiye masa kasko mai faɗi a inuwa, wuri biyu ko uku, a sake ruwan kullum, don kyanwa ba ta son ruwan da ya kwana da ƙura. Mai sito da ke kulle muzuru ciki daga magariba har safe, ko daga Juma'a har Asabar, lalle ya bar masa ruwa da tasa cike da yashi inda zai tsuguna. Muzurun da ba shi da wuri mai tsabta riƙe fitsari ya ke yi. Da bazara, sa'ad da zafi ya tsananta, da lokacin hunturu da kome ke bushewa, a ƙara kula.

Abinci ya zama mai danshi. Ɗanyen kifi a dafa, busasshe a jiƙa shi a cire ƙaya, a zuba romo wanda ba gishiri. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa ba abincin kyanwa ba ce, don suna ɓata mata jini. Mai sayen na leda ya riƙa zuba masa ruwa kafin ya ba shi. Wanda ya taɓa yin ciwon, akwai abinci na musamman da ke narkar da irin yashin nan, amma likita ne zai faɗi wanda ya dace, don wata tsakuwar ba ta narkewa da abinci. Kada a bar shi ya yi ƙiba, kada kuma a raba shi da farautarsa.

Har Ragon Layya

Manomi ya san irin wannan ciwo a wani wuri. Rago ko bunsurun da a ka ɗaure a turke a ke ɗura masa dusa ba harawa, shi ma tsakuwa ta kan toshe shi, don dusa tana da yawan gishirin da ke kawo ta, bakin gabansa kuwa yana da wani ɗan siririn zare inda ta kan maƙale. Sai a ga yana miƙa, yana niƙa haƙori, yana harbin cikinsa, fitsari na ɗiga ko ya tsaya. Shi ma a ranar a ke kiran ma'aikacin dabbobi. Rigakafinsa harawa isasshiya tare da dusar, da ɗan gishiri don ya ji ƙishirwa, da ruwa gabansa kullum.

Kaskon ruwa ba a sayensa da tsada. Wanda ya ƙyale muzurunsa ya mutu kuwa, kafin damina ta faɗi zai ga abin da ɓera ya bar masa cikin rumbu.